Kalmar da Aka Kori Surukina da Ita

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, surukina dai ya riga mu isa. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa na bayan tashar jirgin ƙasa a Nguru, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Ni labari ya same ni a Gashuwa, ina tsaye gaban allo ina fama da 'yan aji huɗu a kan lissafin rabawa. Kafin mu sami motar gyaɗa da za ta kawo mu, ni da 'yarsa, an riga an kai shi makwanci. Ba zan ambaci sunansa ba. Mahaifin matata ne, shekara goma sha shida sunan nan bai fito daga bakina ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu don na ga ba ya ji ba. Ai ko mutanen gari ba su cika kiran sunan ba. Tafinta suke ce masa, ko da yake shekara ashirin ke nan rabonsa da aikin.

Kwana uku na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, na kuwa lura da wani abu: duk yabon da aka yi masa yana da wutsiya. Limamin unguwa ya ce mutum ne da ba a taɓa neman sa a sahu an rasa ba, sai dai Allah Ya hore masa baki. Wani tsohon masinja da suka yi aiki tare ya share hawaye da gefen rawani, ya ce da marigayi ya iya yin shiru na minti ɗaya tak, da ya mutu da fansho da lambar girma. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha ta leƙo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai amana irinsa ba, amma in za ka wurinsa sai ka wanke bakinka tun daga gida. Sannan akawun ofis, wanda aka aiko da ƙwaryar goro da sunan hukuma, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya rufe da cewa Allah Ya yafe masa kurakuransa, har da abin da ya yi wa hukuma.

Na ce amin ga rabin farko. Rabi na biyun shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaran da aka haifa bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, abin da suka sani game da tsohon nan bai wuce biyu ba: yana rubuta wa mutane wasiƙa a gindin darbejiyar bakin tasha, kuma an taɓa korarsa daga aikin gwamnati saboda wani laifi mai sunan Turanci. Mutum kuwa in aka ce laifinsa da Turanci ne, kowa sai ya fassara da abin da zuciyarsa ta ba shi. Na ji an ce hanci ya ci. Na ji an ce Bature ya mara. In ban rubuta ba, nan da shekara goma za a ce jirgin ƙasa ya sata.

Takardar korar tana nan a akwatin ƙarfensa, a ninke cikin tsumman fari. Layi uku ce da keken rubutu. A layi na biyu aka ce halinsa ya kasance prejudicial ga zaman lafiya da kyakkyawan tsarin mulki. Tunda koyarwa ce sana'ata, bari in yi wa kalmar abin da nake yi wa 'yan'uwanta a aji. Ƙamus ya ce ana faɗinta ga abin da zai jawo wa wani abu cuta ko ya ɓata shi, ana kuma faɗinta ga abin da zai sa mai hukunci ya karkata tun kafin ya ji magana. Ba kalmar kasuwa ba ce. Ba za ka ji Bature ya jefi kukunsa da ita ba, ko dokinsa. Gidanta ofis da kotu da barikin soja, kuma ma'aikata na sonta saboda wata baiwa da take da ita: tana kama mutum ba tare da ta faɗi abin da ya yi ba. Ɓarawo ana faɗin abin da ya ɗauka. Maƙaryaci ana kawo ƙaryarsa a baje. Wanda aka jefa da wannan kuwa, sai dai a ce ya cuci zaman lafiya, zaman lafiya kuma ba ya zuwa kotu balle a tambaye shi inda ke yi masa ciwo.

To ga abin da ya yi.

Haifaffen wani ƙauyen masunta ne a fadamar da ke tsakanin Gashuwa da Nguru. Badanci ya sha a nono, Barbarci ya samu a makarantar allo, Fillanci a wurin makiyayan da ke sauka bayan gidansu kowane rani, Hausa kuwa ba a tambayar inda mutum ya same ta. Turanci ya tsinta a bakin layin dogo lokacin da ake shimfiɗo shi daga Kano, yana ɗan ƙwadago har ya zama helma, wato shugaban 'yan ƙwadago. Akawunan Kudu suka koya masa baƙaƙen boko, wani daga cikinsu da zai koma gida ya bar masa ƙamus wanda gara ta cinye wa bango da shafukan farko. Yakan ce duk kalmar Turancin da ta fara da A ko B, sai dai a tambayi gara. Da jirgi ya iso Nguru, aka rasa mai haɗa bakin Bature da na talakawa, aka ɗauke shi tafinta.

Waɗanda ba su ga zamanin ba su san yadda aikin yake. Tafinta na tsaye tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna, al'adar aikin kuwa ita ce tacewa. Talaka ya yi magana mai zafi ta minti biyar, tafinta ya juya ya ce wa Bature yana gaisuwa, yana kuma roƙon a duba masa. Bature ya yi tsaki ya zagi uban kowa, tafinta ya juya ya ce Zaki ya ji, zai duba. Kowa ya tashi fuska sake, tafinta ya koma gida da kaza. Ba ma lalle don mugunta ba. Da yawansu gani suke yi talaka suke karewa daga bakinsa.

Surukina bai iya wannan ba, ko in ce bai yarda ya iya ba. Duk abin da aka faɗa a ɗakin da yake tsaye, da ƙarfi ne ko a hankali, zai juya shi ga wanda bai ji ba, ba ƙari ba ragi. Kunnena ba rariya ba ne, haka yakan ce. Yana kuma da tsayuwa tasa ta dabam. Sauran tafintoci suna fuskantar Bature su ba jama'a ƙeya, shi kuwa sai ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya ga tebur, ɗaya ga tabarma. An ce wani Bulama, dagacin wani ƙauye, ya taɓa raɗa wa na kusa da shi cewa hancin Baturen nan kamar ƙotar fartanya, bai rufe baki ba ya ji ana faɗa da Turanci. Allah Ya so shi, Baturen lokacin mai son dariya ne. Ya shafa hancinsa ya ce Bulama ya yi gaskiya, aka juya wa Bulama wannan ma. Shekara huɗu ana haka. Turawa biyu suka zo suka tafi suna yabonsa, domin karo na farko ke nan da suka san abin da ake cewa a kansu. Ba su yi tunanin ranar da abin zai juyo ta wajensu ba.

Akwai wani tafki a fadamar, kogi ke cika shi da damina, ya bar shi in ya janye. Tun kaka da kakanni masuntan ƙauyuka uku ke tsare shi. Ba mai jefa homa sai ranar da dattijon ruwa ya buɗe, a yi su, wato kamun kifi na gayya, a rana guda, a raba, kashegari a bar wa Fulani su shigo da shanu. Da jirgi ya zo, banda ta yi daraja, ana loda ta kwando-kwando zuwa Kano da Kudu. Sai wani attajirin kifi, wanda ba zan ba shi darajar ambato ba, ya nemi a ba shi tafkin shi kaɗai har shekara ashirin. Masunta suka kai ƙara, Fulani ma suka biyo su, abin da ba a saba gani ba. Aka sa rana. Sabon Bature ya fito rangadi, aka kafa masa tebur a rumfar gidan sauka.

Dattijon ruwa ya fara magana da Badanci, yana jero kakanninsa da suka buɗe tafkin ɗaya bayan ɗaya, surukina yana juyawa. Ana cikin haka Bature ya karkata ga akawunsa ya ce masa da Turanci, ba ma da raɗa sosai ba tunda bai ga wanda zai ji ba, a bar su su yi ta zuba har azahar, takardar ai an buga ta tun shekaranjiya, hannu kawai zai sa bayan abinci.

Surukina ya juya ga tabarma ya faɗa da Badanci. Ya sake da Fillanci saboda Arɗo. Ya sake da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba.

Tsohon masinjan nan mai hawaye yana wurin, shi ya ba ni labarin, ya ce ba a yi hayaniya ba. Dattijon ruwa ya tsaya a tsakiyar sunan kakansa na biyar, ya naɗe buzunsa, ya ce tunda an gama, bari su je su yi azahar a gida. Duk rumfar ta miƙe a tare ta fice, ba wanda ya faɗi ya yi gaisuwa. Bature ya tambayi abin da ke faruwa, surukina ya gaya masa ba ragi, har da cewa shi ya juya maganar. Bature ya yi ja har kunne, ya ce ai ba da su yake ba.

"Ranka ya daɗe, a gabansu ka faɗa," in ji surukina. "Ba a gaya mini akwai maganar da zan haɗiye ba. Da an gaya mini ranar da aka ɗauke ni, da na koma ƙwadago."

Tafkin dai ya tafi. Kada mai karatu ya zaci labari ne irin na littafin 'yan aji biyu, inda mai gaskiya ke samun doki da riga. An sa hannu bayan abinci kamar yadda aka ce. Bayan mako biyu takardar kora ta zo, Bature ya so a sanar da ita a gaban ma'aikata da dogarai don ta zama darasi. Sai aka sami matsala: ba wani tafinta a ofishin. Shi aka miƙa wa. Ya tsaya a karkace, ya karanta da Turanci, sannan ya shiga juyawa. Da ya zo kan kalmar bai nemo mata mai laushi ba. Ya ce, hukuma ta ce ni cuta ne ga zaman lafiya. Sau huɗu ya faɗa, harshe huɗu, murya ba ta rawa. Ya cire bajon aikinsa ya ajiye a kan tebur, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaya ko akwai sauran abin da za a juya kafin ya tafi.

Daga nan ya koma gindin darbejiya, da tabarma da akwatin sabulu da kwalbar tawada, ya kuma tafi da halinsa. In ka zauna gabansa za ka aika wasiƙa, duk abin da ya fito daga bakinka ya shiga takarda. Wani ɗan kasuwar hatsi ya taɓa zuwa a fusace, zai rubuta wa ƙanensa da ke Kano, sun ɓata a kan gidan gado. Ya zazzaga baƙaƙen maganganu har shafi biyu, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce da kansa, ɗan banza, wallahi tunda ya tafi ban ci abinci na ji daɗinsa ba. Da aka karanta masa wasiƙar sai ya ji wannan a ƙarshe. Ya ce a soke. Tafinta ya ce shi ba ya soke, wasiƙa ta tafi duka ko ta zauna duka, in ba haka ba akwai wani mai rubutu a bayan kasuwa. Ta tafi. Ƙanen ya sauka a jirgin mako na gaba. Su biyun na gan su a zaure ranar uku, gwiwa da gwiwa, suna gardama a kan wanda zai fara addu'a.

Ba zan ce duk alheri abin ya haifar ba. Akwai neman auren da ya lalace saboda kawun ango ya yi wata magana a kan dangin amarya yana zaton a iska ya faɗa. Akwai mutumin da ya daina gaishe shi har ya mutu. Surukata, Allah Ya ba ta haƙurin rashi, takan ce ta auri mutumin da ba a iya yin gulma a gidansa, don haka duk ƙawayenta suka koma gidan maƙwabta. Shi kuwa in an yi masa ƙorafi sai ya gyara zaman tabaransa mai ƙafa ɗaya da zare, ya ce wanda ba ya son a ji, ya bar ta a ciki, can ba ya shiga.

Masunta ba su manta ba. Babban tafki ya tafi, amma suna da ƙananan ruwayensu, kuma al'adarsu in an yi su akan ware kaso ga dattijon ruwa, da liman, da marayu. Daga shekarar nan suka ƙara kaso ɗaya, suka sa masa suna kason baki. Kowace shekara in ruwa ya janye sai ka ga mutum biyu ko uku sun shigo Nguru da kwandon banda a ka. Yakan ci guda ɗaya a gabansu don kada su ce ya raina, sauran ya bi gidajen unguwa da shi.

Yanzu in zo kan kaina, don ba daidai ba ne in tona kowa in rufe nawa. Shekara shida da suka wuce aka tsallake ni a muƙamin hedimasta, aka ba wanda ni na koya wa riƙon alli. Wani mai duba makarantu, abokina, ya raɗa mini cewa a fayil ɗina akwai layi ɗaya da jan alƙalami: yana auren 'yar wane. Ya ce maganin abin mai sauƙi ne. Tsoho ya rubuta layi biyu na neman afuwa, ya ce kuskure ya yi. Turawan da suka san zancen duk sun koma ƙasarsu, za a soke kalmar, wataƙila har a ba shi ɗan abin cefane, ni kuma hanya ta buɗe mini.

Na zo Nguru da hutu. Mutum ba ya kallon idon surukinsa ya roƙe shi irin wannan, ni da ko ruwa ba na sha a gabansa. Sai muka yi yadda aka saba: ni a zaure, shi a tsakar gida bayan zana, 'yarsa tana kai magana tana kawowa. Na tsara zancena kamar darasin ranar zuwan mai duba. Ta shiga, ta fito. Ta ce Baba ya ce a gaya wa Malam ya ji, ya kuma gode, amma yana tambaya wanne ne kuskuren. Juyawar ce ba daidai ba, ko kuwa jin ne bai yi da kyau ba? In an nuna masa kalma ɗaya da ya ɓata, zai rubuta afuwa har shafi goma.

Sai na ɗauko makamin 'yan makaranta. Na ce a gaya wa Baba ai kalmar ma ba da shi ta dace ba, takardar da aka buga kafin a ji shaida ita ta fi cancanta da ita, kowa ya san haka, saboda haka neman afuwar ba zai rage shi da komai ba, wasan ofis ne kawai. Na ji daɗin wannan hujja ƙwarai, har na gyara hula. Ta shiga, ta fito. Ta ce Baba ya ce Malam ya rufe ƙamus, shi ba gardamar kalma yake yi ba. In ya rubuta cewa kuskure ne, to ya ce wa dattijon ruwa ke nan abin da ya ji ran nan ba a faɗa ba, dattijon kuwa ya rasu, ba inda zai same shi ya ba shi haƙuri.

Raina ya ɓaci. Na sunkuyar da kai na ce a hankali, ni da tabarma, tsohon nan taurin kansa zai ci jikokinsa. Ina ɗagowa na ga gefen mayafin matata yana shigewa ciki.

Na manta 'yar wa na aura.

Na fara laluben takalmina da ƙafa. Sai ga dariya daga ciki, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya. Sannan ya ɗaga murya ta saman zana, karo na farko kuma na ƙarshe da ya yi mini magana ba ɗan aike.

"Malam, ka ga amfanin abin? Shekara goma kana gaishe ni, sai yau na san abin da ke ranka. Gaskiya ka faɗa, zai taɓa su. Na yi tunaninsa tun kafin a haife su. Amma ba zan rubuta ba. A kai wa Malam fura, ya sha rana."

Ban sha furar ba. Na koma Gashuwa, shekara biyu ban taka gidan ba, ina ta ƙirƙiro aikin makaranta. Shi kuwa kowace shekara sai ya aiko mini da rabona na banda, da 'yar takarda da Turanci yana tambayar lafiyar yara. Nakan ɗauko jan alƙalami in bi ta layi-layi ina neman kuskure, ban taɓa samu ba. Muka shirya dai a bikin sunan autarmu, irin shiryawar surukai, na durƙusa na gaishe shi ya amsa kamar jiya muka rabu. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na yi ta jira in sami kalmomin da suka dace, ni da nake koya wa yara rubuta wasiƙar neman afuwa kowane zango.

Ranar sadakar bakwai da hantsi zaure ya cika, akawun ofis ma ya dawo ya zauna kusa da liman. Sai ga mutum biyar daga fadama, ƙafafu duk busasshen taɓo, ɗauke da kwandon banda. Babbansu ɗan dattijon ruwa ne, shi ya gaji buzun ubansa. Ba su san an yi rasuwa ba sai da suka iso tasha suka ga gindin darbejiya ba kowa. Babban nasu ya zauna. Aka yi addu'a aka shafa. Sannan ya cire hula ya zaro takarda daga cikinta, ya ce shekara ashirin ɗin attajiri sun cika, an aiko musu da wannan, ɗan aiken ya ce su zo taro ranar Litinin a ji ta bakinsu kafin a yanke ko za a sabunta. Sun zo ne Tafinta ya karanta musu, don su ba sa yarda da karatun kowa. Ya dubi zauren nan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya da Hausarsa mai nauyi, yanzu wa zai karanta?

Duk ido ya dawo kaina. Na karɓa.

Takarda biyu ce an haɗa da fil. Ta sama gayyata ce, yadda ɗan aike ya faɗa. Ta ƙasa kwafi ce mai shuɗin rubutu, da alama wani ya manta bai cire ba: wasiƙa zuwa ga magajin attajirin, ana sanar da shi an sabunta masa tafkin na wata shekara ashirin, an sa hannu tun watan jiya. Na dubi hannun. Wannan karon ba na Bature ba ne, namu ne. Ashe kujera ce ke koya wa mutum hali.

Akawu ya gane takardar daga inda yake zaune. Ya matso har numfashinsa na taɓa kunnena.

"Malam, ta ƙasan nan ba tasu ba ce, kuskure aka yi aka haɗa. Miƙo mini ita. Kai ma'aikaci ne, ka san abin da nake nufi."

Na sani. Ina da 'ya'ya biyar da fayil mai jan layi, kuma an yi mini alkawarin hedimasta baɗi. Ina da ma mafita mai kyau: Badancina bai wuce gaisuwa ba, huɗu daga cikin baƙin kuwa ba sa jin Hausa sosai. Da na karanta ta sama na miƙa ta ƙasa, ba wanda zai zarge ni, liman ma sai ya sa mini albarka. Ina cikin wannan lissafi na ji muryar matata daga bayan ƙofar cikin gida, muryar da kuka ya dusashe.

"Malam, ka faɗa da Hausa. Ni zan juya."

Na miƙe. Ban san lokacin da na karkace ba, sai dai na ga kafaɗata ɗaya tana wajen akawu, ɗaya wajen masunta. Na ce, akawu ya ce takardar ƙasa ba taku ba ce, in miƙa masa, ni ma'aikaci ne, na san abin da yake nufi. Daga bayan ƙofa maganar ta fito da Badanci. Sannan na karanta ta sama, aka juya. Na karanta ta ƙasa tun daga kwanan wata har sa hannu, aka juya.

Tsohon masinja ya rufe fuska da rawani, ban sani ba kuka yake ko dariya. Liman ya ja fatiha da sauri kamar mai kashe gobara. Akawu ya tashi ya fita, bai ko tsaya rabon waina ba. Ɗan dattijon ruwa kuwa ya karɓi takardunsa biyu ya mayar cikin hula, ya ce ubansa tashi ya yi ya tafi gida, su ba za su tashi ba. Za su je ranar Litinin, ƙauyuka ukun da Fulaninsu, su nemi a karanta ta ƙasan a gaban kowa. Sannan ya ja kwandon banda, ya ajiye shi a tsakani, ba wajena sosai ba, ba wajen ƙofa sosai ba, ya ce baki biyu ne yanzu, ku raba.

Ban san abin da zai sami tafkin ba. Na dai san abin da zai same ni, don an aiko in je ofis in karɓi wasiƙa, kuma ba na bukatar boka ya gaya mini kalmar da ke layi na biyu. Jiya na rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe na koya wa 'yan aji huɗu, ko da yake ba ta cikin manhaja. Na gaya musu ma'anarta da inda ake amfani da ita, na kuma ce duk ranar da suka ji an jefi mutum da ita, su tambayi abin da ya yi kafin su tofa. Da na dawo gida na buɗe akwatin ƙarfen, wanda muka taho da shi daga Nguru, na duba tsumman farin. Zai ɗauki takarda biyu.

Baba, haƙurin da ban ba ka ba, ga shi na ba ka a gaban jama'a, ba tacewa. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, kana da su kamar kowa, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka ji daddaɗar magana ranar da ba a bukatar tafinta. Wanda kuwa ke son ya roƙa maka gafara a kan abin da ka yi wa hukuma, ya yi a zuci. A gidan nan duk abin da aka faɗa, ana juya shi.